Dutsen da ruwa ke tayar masa da wuta: kurakuran da aka fi yi da kabaid da yadda ake gyara su

Ranar da na fara ganin an ɗiga wa kabaid ruwa, ban zaci wani abu zai faru ba. Ɗan guntu ne bai fi kan yatsa ba, launinsa toka-toka, kai ka ce tsakuwar da ake zuba wa titi ce. Ɗigo biyu kawai suka sauka a kansa sai ya fara tsuwa, kumfa ta taso, wani wari irin na tafarnuwa ya bugi hancina. Kafin a jima gefen da ruwan ya taɓa ya kumbura ya koma farin gari, kuma ko ba ka taɓa shi ba kana jin hucinsa a tafin hannu. Mai waldar da ke nuna mini ya ja da baya, ya miƙa ashana daga nesa, sai ga harshen wuta mai haske da baƙin hayaƙi yana ci a kan abu jiƙaƙƙe.

Tun muna yara muka san ruwa ke kashe wuta, shi ke wanke datti, shi ke sanyaya abin da ya ɗau zafi. A wurin kabaid abin ya sha bamban, domin ruwa shi ne makunninsa. In ka bi diddigin haɗurran da ake yi da shi, za ka tarar yawancinsu daga nan suke fitowa: hannu ya riga ya yi abin da ya saba kafin kai ya tuna irin kayan da ke gabansa.

Cikakken sunansa kalsiyam kabaid, masana sinadarai kuma suna rubuta shi CaC2. Ba haƙo shi ake yi ba, haɗa shi ake yi: a zuba ƙonanniyar farar ƙasa da gawayin kwal a tanderun lantarki mai zafin da ya kai digiri 2,000 ko sama da haka, su narke su haɗe. Wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya samar da shi tun 1862, ya kuma gano cewa in ya haɗu da ruwa yana fitar da iskar gas mai cin wuta, wadda ake kira asitilin. Amma sai a 1892 ne Thomas Willson, ɗan ƙasar Kanada da ke aiki a jihar Karolaina ta Arewa a Amurka, ya faɗa kan hanyar yin sa da yawa, alhali shi sanholo yake neman hanyar samarwa da araha. A shekarar ce kuma Henri Moissan ya kai ga irin wannan sakamako a Faransa. Daga nan kabaid ya shiga fitilun masu haƙar ma'adinai da na kekuna da na motocin farko, ya shiga walda da yankan ƙarfe. A yau masana'antun ƙarfe suna cire farar wuta daga narkakken ƙarfe da shi, ana haɗa shi da iskar naitirojin a yi wani irin takin zamani, injiniyoyi suna auna danshin ƙasa da na kankare da shi, ƙasar Sin kuwa, wadda ta fi kowa yin sa, roba take samarwa daga iskarsa. Kaya ne mai amfani, ba ni da ja a kan wannan. Maganata a kan yadda ake riƙe shi ne.

"Ai ruwa bai taɓa shi ba"

Wannan ita ce kalmar da na fi ji, kuma ita ce kuskuren farko. Mutum ya ajiye kabaid a buhu ko a duro mai sakakken murfi, ya jingine a lungu, ya ce tunda ruwan sama ba ya kaiwa wurin, shi ke nan. Kabaid ba ya jiran ruwan sama. Danshin da ke cikin iska ya ishe shi, raɓar asuba ta ishe shi, laimar da ke tasowa daga daɓe ta ishe shi. A hankali yake sha yana sakin iskar, dare da rana, ba ƙara ba motsi. Alamarsa ba ta ɓuya: dunƙulen da ka saya da tauri da ɗan ƙyalli, sai ka tarar farin gari ya lulluɓe su, wasu sun ruguje. Wannan farin garin kuɗinka ne ya zama toka, iskar da ta fita kuwa tana nan wani wuri, ko a cikin duron ko a cikin ɗakin.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin shi ke sa mutum ya daina raina abin. Kilo ɗaya na kabaid ɗin kasuwa yana ba da iskar asitilin wajen lita 300. Asitilin kuma tana kama wuta da zarar ta kai kashi 2.5 cikin ɗari na iskar wuri, ta ci gaba da kamawa har ta wuce kashi 80. Ba kasafai ake samun iskar gas mai faɗin iyaka haka ba. Ma'anar wannan ita ce, kilo ɗaya tak in ya jiƙe gaba ɗaya, ya isa ya mayar da iskar ɗaki mai faɗin mita 2, tsawon mita 3, tsayin mita 2 ta zama abin fashewa. Daga nan abin da ya rage kawai wani ya shigo ya danna makunnin fitila.

Gyaran ba shi da wuya. A bar kabaid a cikin mazubinsa na ƙarfe mai murfin da ke rufuwa ruf. A ɗora shi a kan katako, kada ya zauna a daɓe. Wurin ya zama busasshe, rufin ba ya yoyo, bututun ruwa ba ya ratsa shi, ambaliya ba ta kaiwa, kuma iska na ratsawa ta sama da ta ƙasa. Asitilin ta ɗan fi iska rashin nauyi, don haka sama take taruwa. Ɗakin da ba shi da mafita kusa da rufi ya zama tarko. Kada a ajiye shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kada a ajiye shi inda mutane ke kwana. A ɗebi na aikin yini kawai a mayar da murfi nan take. A dokokin sufurin kaya masu haɗari na duniya lambarsa UN 1402, yana aji na 4.3, wato kayan da ke zama haɗari in sun jiƙe, kuma alamarsu shuɗiya ce mai hoton harshen wuta. In ka ga wannan alama a jikin duro, ba ado ba ne.

Buɗe duro da guduma da kurfi

Murfi ya ƙi buɗuwa, ana sauri, sai a ɗauko guduma da kurfin ƙarfe a hau duka. Wasu ma injin yankan ƙarfe suke sawa. To, sararin da ke tsakanin kabaid da murfin duro kusan kullum akwai asitilin a ciki gauraye da iska, kuma tartsatsi ɗaya ya isa. Akwai ma wani abu da ba kowa ya sani ba: a cikin kabaid akan sami ƴan gutsattsarin wani ƙarfe mai tauri da ya rage daga tanderu, waɗanda kan yi tartsatsi in sun gogi ƙarfe da ƙarfi. Shi ya sa jefa duro daga mota, ko mirgina shi yana karo, ko zazzage kabaid daga sama cikin mazubin ƙarfe duk ganganci ne.

A buɗe duro a fili, da kayan aikin da ba sa tartsatsi, a sassauta murfin a hankali iskar ta fita tukuna, fuska kuma ba a saman murfin ba. Duron da ka ga murfinsa ya kumbura, ko ka taɓa ka ji ɗumi, ruwa ya riga ya shige shi. Kada ka girgiza shi, kada ka kai shi ɗaki. Ka kawar da mutane da duk wata wuta daga wurin, ka nemi waɗanda suka san aikin. Duron da ya ƙare ma ba a kai masa wutar walda ko a yanka shi sai an wanke shi sosai a fili an bar shi a buɗe ya sha iska, domin ƙurar da ta maƙale a gindinsa tana ci gaba da aiki.

Tsare iskar a inda ba ta da mafita

A nan nake so in daɗe, domin a nan rayuka suka fi salwanta. Asitilin ba kamar sauran iskar gas take ba. Yawancinsu sai sun sami iskar oksijin suke fashewa. Ita kuwa in aka matse ta fiye da kima, tana iya wargajewa da kanta ko babu oksijin ko kaɗan, da ɗan zafi ko bugu kawai. Wannan ne ya sa ƙa'idar aiki ta hana a yi amfani da ita a matsin da ya wuce ma'auni 15 na fam a kan murabba'in inci, wato kusan 1 a ma'aunin "bar" da ke kan agogon matsi na tukunyar gas. Tukunyar asitilin ta masana'anta ma ba fanko ba ce kamar ta oksijin: cike take da wani abu mai ƙananan ƙofofi kamar soso, wanda aka jiƙa da sinadarin asiton, iskar kuma narkewa take yi a cikinsa. Don haka ake son tukunyar a tsaye koyaushe; in an kwantar da ita a hanya, a bar ta ta daɗe a tsaye kafin a buɗe, in ba haka ba asiton ya biyo tiyo.

To ka kwatanta wannan da abin da wasu ke yi: su sami tsohuwar tukunyar gas ko wani tanki, su yi masa walda, su zuba kabaid da ruwa su ɗaure murfi, ba agogon matsi, ba bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi yawa. Kabaid bai san an rufe famfo ba. Ko ka kashe wutar waldarka ka tafi cin abinci, muddin akwai ruwa a jikinsa yana nan yana fitar da iska, matsi na hawa, zafi na hawa. Tukunyar kabaid ta ƙwarai dole ta kasance da hanyar raba kabaid da ruwa in iska ta isa, da bawul ɗin kariya, da makarin da ke hana wuta komawa ta tiyo zuwa cikin tukunya. Wannan makarin, ko na ruwa ne ko na ƙarfe, shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi. Na ruwa in ruwansa ya ƙafe ya zama ba shi da amfani, don haka duba shi ake yi kowace safiya. Bakin abin walda ya toshe, ko matsin oksijin ya rinjayi na asitilin, sai ka ji fat, sai wani kuka siriri a cikin hannun abin waldar. Wutar ce ta koma ciki. A wannan daƙiƙar makarin ne kaɗai ke tsakaninka da tukunya.

Haka kuma duk sanda aka buɗe tukunya aka sake cika ta, iska ta shiga. Iskar farko da za ta fito gauraye take, wato ita ce mai fashewar. A sake ta a fili nesa da wuta kafin a kunna.

Yara ma suna faɗawa wannan tarkon in suka zuba kabaid da ruwa a kwalba suka toshe don wasa. Guntu mai nauyin giram 50 yana ba da iska wajen lita 15, kuma babu kwalbar da za ta riƙe wannan in an toshe bakinta. A wasu ƙasashe, kamar Holan, harba kabaid a manyan gwangwanayen madara al'ada ce ta ƙarshen shekara, amma ko a can ana samun masu ƙuna da masu rasa ido, hukumomi kuma suna gindaya sharuɗɗa. Duk mai ajiye kabaid ya sa masa kwaɗo.

Tsuke ruwa, da zuba ƙura

Wani kuma ya ji an ce ruwa ne abokin gaba, sai ya ɗauka ƙarancinsa a tukunya shi ne kariya. Akasin haka ne. Haɗuwar kabaid da ruwa tana fitar da zafi mai yawa: kilo ɗaya yana iya kai ruwa lita 5 bakin tafasa. In ruwan kaɗan ne, zafin ba shi da inda za shi, sai ya taru a cikin dunƙulen har su yi jajawur, ga kuma asitilin da ke kama wuta da kanta a wajen digiri 300. Tukunyar da ake jefa kabaid cikin ruwa tana son ruwa mai yawa, kusan lita 10 ga kowane kilo, kuma a canza shi in ya yi kauri ko ya yi zafi. In ka ga ragowar ta fito da tabo ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa maimakon fari ko toka-toka, tukunyarka ta yi zafi fiye da kima.

Ƙurar kabaid da ƙananan ɓarɓashi kuwa sun fi manyan dunƙule haɗari nesa ba kusa ba, domin lokaci guda suke sha su saki iskar da zafin gaba ɗaya. Kowace tukunya da girman dunƙulen da aka yi ta dominsa. Mai ƙyashin zubar da ƙurar gindin duro, garin neman gira zai rasa ido.

Sai batun jan ƙarfe, a taƙaice. Asitilin in ta daɗe tana taɓa jan ƙarfe, ko azurfa, ko zaiba, tana haifar da wani sinadari da ke fashewa da ɗan gogayya. Kada a haɗa tiyo da guntun bututun jan ƙarfe, kada a yi gyara da shi. Ɓangaren oksijin kuma kada mai ko giris ya kusance shi.

Neman yoyo da ashana ko laita ma har yanzu ana yi, abin takaici. Ruwan sabulu ake shafawa a mahaɗa, inda kumfa ta taso nan ne yoyon. Kuma kada a dogara da hanci. Warin tafarnuwar nan ba na asitilin ba ne, na dattin da ke tare da ita ne, irin su iskar fosfin mai guba, kuma wanda ya yini a cikinsa hancinsa yakan daina ji. Sabo turken wawa.

In wuta ta tashi, ko ya taɓa jiki

Wuta ta kama kusa da kabaid, mutane suka rugo da bokitai, kowa da niyyar alheri. Kowane bokiti da aka watsa ƙarin iskar gas ne. Ba a kashe wutar kabaid da ruwa, ba a kashe ta da abin kashe gobara mai kumfa, domin kumfar ma ruwa ce. Busasshen yashi ake zubawa, ko busasshiyar farar ƙasa, ko abin kashe gobara mai gari. Ina jaddada kalmar busasshe, domin bokitin yashin da aka bari a waje ya sha ruwan sama ya zama makami. In wutar ta fi ƙarfinku, ku nisanta, kuma kalmar farko da za ku faɗa wa ƴan kwana-kwana ita ce akwai kabaid a wurin, tun kafin su warware tiyo. Ya kamata ma a rubuta wannan ɓaro-ɓaro a ƙofar ma'ajiyar.

A jiki kuwa akwai tsari, kuma jerin yana da muhimmanci. Kabaid yana shan gumin fata ya koma farar ƙasa mai ci kamar soda, ga zafi a kai. In gari ko ɓarɓashi ya zuba maka, fara kakkaɓe shi da busasshen ƙyalle, ka cire tufar da ta ɗauka, sannan ka sakar wa wurin ruwa mai yawa mai gudu na aƙalla minti 15 zuwa 20. Ɗan ruwa kaɗan a kan garin da bai fita ba shi ne mafi muni. Ido kuwa ba ya jira: a buɗe fatar idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa, kada a murza, a garzaya asibiti ko da raɗaɗin ya lafa, domin irin wannan ƙunar tana ci gaba da nutsewa bayan an daina jin ta. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, a kai shi asibiti nan take. Safar hannu busasshiya da tabarau mai rufe gefen ido sun fi duk wannan sauƙi.

Nunar da ƴaƴan itace da shi

Wannan kuskuren ya fi sauran ciwo a raina, domin wanda zai cutu bai san an yi ba. Ƴaƴan itace irin su ayaba da mangwaro suna fitar da wata iska ta kansu mai suna etilin, ita ce ke ba su umarnin nuna. Asitilin tana kwaikwayonta, sai wasu ƴan kasuwa su ƙunshe kabaid a takarda su cusa cikin kaya su lulluɓe. Kwana ɗaya ko biyu ɓawo ya yi ruwan ɗorawa gwanin sha'awa. Amma kallon kitse ake yi wa rogo: in an tsinke ɗan itacen tun bai ƙosa ba, launi ne kawai ke sauyawa, ciki na nan da tsami ko salam, ba ƙamshi, kuma ba ya jimawa yake ruɓewa. Babbar matsalar ita ce kabaid ɗin kasuwa na masana'anta ne, ba a tace shi don abinci ba, yana ɗauke da ɓurɓushin sinadarai masu guba na asenik da fosfaras. Masu yin aikin su ne farkon shaƙar iskar, da jiri da ciwon kai da ƙaiƙayin ido da maƙogwaro, garin kuma yana iya maƙalewa a jikin kayan. Ƙasashe da dama sun haramta wannan; Indiya, alal misali, ta hana shi a dokar abincinta, ta kuma yarda a yi amfani da iskar etilin a ɗakunan nunarwa muddin ba ta wuce kashi 100 cikin miliyan ba.

Masu saye ma suna da nasu kuskuren, wato yanke hukunci da ido kaɗai. Launi iri ɗaya sumul, ko ayaba mai ruwan ɗorawa da koren wuya, abin zargi ne amma ba hujja ba. Abin yi shi ne a sansana, a latsa a ji laushi, a guji mai farin gari a jiki, a wanke sosai da ruwa mai gudu, a ɓare kafin a ci. Mai son kayansa su nuna da wuri kuma yana da hanya mai tsabta: ya bar su su ƙosa a bishiya tukuna, sannan ya haɗa su da ƴan nunannu a kwali ko jakar takarda a wuri mai ɗumi, etilin ɗin nunannun zai ja sauran.

Ragowar da ake zubarwa

Farin taɓon da ke fitowa daga tukunya yawancinsa jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce, kuma ana amfana da ita wajen shafen bango da rage tsamin ƙasar noma in ta gama aiki. Sai dai sau da yawa ba ta gama ba. A cikinta akan sami dunƙulen da taɓo ya lulluɓe, tsakiyarsu ba ta jiƙe ba. In aka tura wannan cikin magudanar ruwa ko rami mai murfi, can zai ƙarasa fitar da iskarsa, ta taru a ƙarƙashin ƙasa tana jiran guntun taba. In aka zuba a rafi ko tafki kuma, ƙarfinta yana kashe kifi. A zuba ta a buɗaɗɗen rami a fili, nesa da wuta da rijiya da wurin wasan yara da dabbobi, a cika ta da ruwa mai yawa, a riƙa motsawa da doguwar sanda ta katako. Muddin sanda na taɓawa kumfa na tasowa, akwai sauran kabaid a ciki, sai a ƙara ruwa a dawo washegari a sake motsawa.